Garkar Nomau da Ta Ƙi Rabuwa

An ce wai a can arewa, inda gonaki ke ƙarewa rairayi ya fara, an yi wani gari mai suna Ƙoramar Nomau. Sunan ya samo asali ne daga wani mutum, Nomau, wanda ya tarar da idon ruwa a wurin tun yana saurayi, ya dasa dabino guda a bakinsa. Daga wannan itace ya riƙa cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta yana dasawa, shekara sittin da 'yan kai, har garkar, wato lambun dabinon, ta kai mutum ya yi tafiyar hantsi bai fita daga inuwarta ba. Mutane suka biyo inuwa da ruwa, gari ya kafu, aka yi sarki, aka yi kasuwa. Itacen farkon nan kuwa, kowa na kiranta Uwar Garka.

Nomau bai bar ɗa ba. Da ya ji ƙafa ta fara yi masa nauyi, sai ya tara dattawa a gaban sarki ya ce: "Ku shaida, garkar nan na ba mutanen garin nan kyauta. Ranar da na kwanta dama, a raba ta daidai wa daida. Kada a bar ragowa, kada a sare ko itace ɗaya, kada kuma a ƙara ko ɗaya." Dattawa suka ce sun shaida. Sanyi bai ƙare ba Allah ya karɓi abinsa.

Alƙalin garin a zamanin nan shi ne Malam Cindo. An haife shi da yatsa shida a hannun hagu, shi ya sa aka yi masa wannan laƙabi, kuma mutanen gari kan tsokane shi su ce da wannan yatsan yake riga kowa gama lissafi. Mutum ne mai tsoron Allah, mai sanyin hali, amma yana da ciwo guda, ciwon hisabi, wato lissafi. Ba ya iya wuce tarin gyaɗa a kasuwa bai kimanta yawanta a zuci ba. Saboda haka da sarki ya ɗora masa rabon garka, murna ta kama shi har ya kasa ɓoyewa. Ya ce wa sarki, "Ranka ya daɗe, wannan ai aikin hantsi ne. Kafin azahar kowa ya san rabonsa." Da ya san abin da ke gaba, da bai yi saurin baki ba.

Aka shiga garka da kwanduna, kowace itace aka wuce a jefa ƙwallon dabino ɗaya a kwando. Matan dabino masu ba da 'ya'ya kaɗai aka ƙidaya, domin mazajen da ke jere a bakin ƙorama na kowa da kowa ne. Sau uku ana ƙidaya, sau uku adadi ɗaya ke fitowa: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya.

Aka zube ƙwallayen a tsakiyar dandali, gari ya kewaye. Garin unguwa biyu ne, Gabas da Yamma, sai Alƙali ya sa aka haƙa gurbi biyu irin na dara, aka yi ta jefawa, ɗaya nan, ɗaya can. Kowace unguwa ta tashi da dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Ƙwallo ɗaya ya rage a hannun Alƙali.

Mutanen Gabas suka ce nasu ne, don idon ruwan a gabas yake. Mutanen Yamma suka ce ai a yamma aka binne Nomau. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce ragowa dai ragowa ce, mamaci ya hana. Wani ya ce to a raba bisa sana'a uku, manoma da marina da fatake. Aka haƙa gurbi uku, kowane ya sami ɗari takwas da arba'in, ƙwallo ɗaya ya rage. Wani ya ce a raba bisa manyan gidaje bakwai da suka fara zama garin. Kowane gida ya sami ɗari uku da sittin, ƙwallo ɗaya ya rage. Aka gwada huɗu, aka gwada biyar, aka gwada shida, takwas, tara, goma. Duk inda aka bi, sai ƙwallon nan guda ya tsaya a tafin Alƙali. Tun mutane na dariya suna tafi, suna cewa "Ga shi nan kuma!", har dariya ta koma gunaguni, gunaguni ya koma zage-zage. Kafin la'asar an fasa wa mutum biyu kai da ƙotar fartanya. Sarki ya sa dogarai a ƙofar garka, ya ce ba mai shiga sai an yanke hukunci.

A nan ne abin ya zama babba. Dabino ba ya 'ya'ya sai an yi masa aure. In furen mace ya buɗe, sai mahaya su hau namiji su yanko furensa, su hau kowace mace su ɗaura mata a tsakiyar nata. Kwanakin wannan aiki kaɗan ne, in sun wuce fure ya bushe, shekarar ta tafi. A daidai lokacin nan kuwa fure ya fara buɗewa. Mutanen Ƙoramar Nomau ba su da gero sai wanda suka musaya da dabino, don haka duk ranar da garka ta wuni a rufe, tuwon baɗi ne ke raguwa a kowane gida.

Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu da hantsi, Sarkin Noma Barau, mutum mai ƙatuwar murya da gajeren haƙuri, ya hau kan turmi a dandali ya ce: "Jama'a, wai me ke damunmu ne? Itace ɗaya ce fa ke neman kashe mu da yunwa! Uwar Garka ta tsufa, 'ya'yan da take yi bai cika ƙwarya ba. A sare ta, saura dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. In kun so a raba biyu, ya rabu. In kun so bakwai, ya rabu. In kun so goma, ya rabu. Ina masu gatari?"

Dandali ya ɗauki sowa. Maza suka ruga gida suka fito da gatura, suka ture dogarai suka kutsa garka. Labari ya iske Alƙali yana alwala. Ya yar da buta ya zuba a guje, rawani na warwarewa a bayansa, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya. Wanda bai ga gudun Malam Cindo ran nan ba bai ga abin dariya ba, amma shi ba dariya yake yi ba. Ya riga masu gatari isa da ƙyar, ya jingina bayansa da Uwar Garka yana haki.

Ya ce: "Barau, lissafinka daidai ne, wallahi daidai ne, kuma adadi ne mai daɗi, ni ma ya ba ni sha'awa. Amma wanda ya ba ku garkar ya ce kada a sare. In kuka sare, kun karya sharaɗin kyauta, kuma wanda ya karya sharaɗi ya saki kyautar. Garin neman gira kada ku rasa ido. Wadda kuke son kashewa kuwa, daga gindinta duk sauran suka fito. Mai son sarar ta ya fara ta kaina."

Gatura suka sauka. Barau ya tofar da yawu ya ce, "To Allah gafarta Malam, sai ka raba mana da yatsanka na shida." Aka watse ana zumɓure-zumɓure.

Ana wata sai ga wata. Da yammacin ranar ayarin gishiri ya iso, a gabansa Madugu Anaruwa, ɗan ƙanwar Nomau, wanda ba wani ɗan'uwa na jini da ya fi shi kusa da mamacin. Attajiri ne mai raƙuma ɗari uku, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda shekara talatin yana raba kaya a bayan raƙuma har ya san halin adadi kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa. Aka ba shi labari, ya tambayi yawan itatuwan, ya shiga lissafi yana motsa leɓe. Can sai ya yi murmushi, ya aika wa sarki cewa gobe yana da magana a gaban jama'a.

Washegari dandali ya cika maƙil. Madugu ya gai da sarki, ya tsuguna gaban tarin ƙwallaye, ya ce: "Allah ya ja zamanin sarki, mutanen nan suna wahalar da kansu a banza. Ko su shekara suna haƙa gurbi, tarin nan ba zai rabu ba, kuma zan nuna muku kafin rana ta take."

Alƙali ya ce, "Madugu, adadin da za a gwada ya haura dubu biyu. Yaya za ka gama su kafin rana ta take?"

Madugu ya ce, "Allah gafarta Malam, ba sai na gwada su duka ba. Abin da biyu ta kasa rabawa, huɗu ba za ta raba ba, haka shida, haka takwas, haka duk 'ya'yanta. Abin da uku ta kasa, tara ba za ta iya ba. Iyaye kawai za mu tambaya, wato adadan da su kansu ba sa rabuwa: biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, har gaba. Sa'an nan, in da tarin nan zai jeru sahu-sahu daidai, to ko yawan sahun ko yawan abin da ke cikin sahu ɗaya, lalle ɗayansu bai wuce hamsin ba. Domin hamsin da ɗaya sau hamsin da ɗaya, dubu biyu da ɗari shida da ɗaya ke nan, ya riga ya zarce tarinmu. Iyayen da ke ƙasa da hamsin kuwa goma sha biyar ne rak."

Murna ta kama Malam Cindo. Ya manta da rawaninsa da muƙaminsa, ya sauko daga buzu ya tsuguna kusa da Madugu, su biyu suka shiga jefa ƙwallaye kamar yara a wajen dara. Biyu da uku da biyar da bakwai an riga an san amsarsu. Sha ɗaya, kowane gurbi ɗari biyu da ashirin da tara, biyu suka rage. Sha uku, sha biyu suka rage. Sha bakwai, biyar. Sha tara, sha uku. Jama'a na faɗin ragowar da ƙarfi tare da su, mata na leƙowa ta bayan maza. Haka suka bi ɗaya bayan ɗaya har arba'in da bakwai, inda kowane gurbi ya sami hamsin da uku, talatin suka rage.

Alƙali ya miƙe yana tafa hannu, idanunsa na ƙyalli. "Allahu akbar! Kun gani? Tambaya goma sha biyar ta rufe bakin tambaya dubu biyu! Wannan adadi yana cikin waɗanda malaman hisabi ke kira na asali, waɗanda ba a haife su daga ninkin wasu ba. Ƙanana irinsu kowa ya san su, amma ƙato kamar wannan, yau na fara riƙe shi a hannuna. Madugu, Allah ya yi maka albarka!"

Madugu ya bari sai da ya gama murnarsa tsaf, sa'an nan ya ce a hankali: "Amin, Malam. Tun da ka shaida da bakinka cewa ba ya rabuwa, to ga maganata. Kawuna ya yi kyauta bisa sharaɗin da ba zai yiwu ba, kyautar da ba ta yiwu a karɓa ba kuwa, magaji take komawa. Adadin nan mutum ɗaya kaɗai ke iya ɗaukarsa ba ragowa. Ni ne magaji. A ba ni garkar kawuna in kewaye ta da katanga. Mai son aiki ya zo in ɗauke shi haya."

Malam Cindo ya ji kamar an kwara masa ruwan randa, don ya ga da hannunsa ya taya mutum saƙa igiyar da za a ɗaure garin. Sarki ya dube shi ya ce, "Alƙali, mahaya sun ce in jibi ta wuce ba a yi wa dabino aure ba, shekara ta lalace. Gobe da azahar ina son hukunci. In ba ka da abin da ya fi na Madugu, to nasa za a bi, gara garka ta rayu a hannun mutum ɗaya da ta mutu a hannun kowa."

Gaba kura, baya sayaki. In ya bi jama'a a sare itace, ya ci amanar mamaci. In ya bi Madugu, ya mai da mutanen gari 'yan ƙodago a inuwar da aka haife su. Baƙin ciki ya hana shi cin tuwo, kunya kuma ta fi baƙin cikin ciwo.

Da gari ya waye ya fita, ƙafa ta kai shi ƙofar garka. Tun daga nesa ya jiyo hayaniya. Wata tsohuwa ce riƙe da ƙaramar tukunya a rufe, tana zazzaga wa dogari masifa. Inna Gwamma ce, ungozomar gari, wadda rabin mutanen da ke yawo a Ƙoramar Nomau a hannunta suka faɗo duniya, har da shi Alƙalin.

Tana ganinsa ta juyo. "Yauwa, Cindo, gara da Allah ya kawo ka. Ni na yanke maka cibiya, na so in haɗa da yatsan nan uwarka ta hana, ashe ba abin da zai tsinana mana. Kun rufe garka, to ina zan kai wannan?"

"Mene ne a ciki, Inna?"

"Mabiyya ce da cibiya, me kake tsammani, fura? Da asuba Hanne 'yar Madugu, mai aure a garin nan, ta sauka, namiji. Tun da aka kafa garin nan, duk ɗan da aka haifa a gindin dabino ake binne cibiyarsa, taka ma tana can. Shi wannan da ya zo yau ba ɗan gari ba ne? Kun zauna kuna ta unguwa kaza, gida kaza, sana'a kaza. Shi jaririn nan wace sana'a gare shi? Ko Nomau ce muku ya yi ya ba unguwanni?"

Malam Cindo ya tsaya cak. Ya maimaita maganar Nomau a zuci kalma bayan kalma: na ba mutanen garin nan. Ba a ambaci unguwa ba, ba a ambaci gida ba. Kwana biyar suna haƙa gurbi don unguwanni da gidaje da sana'o'i, ba wanda ya yi tunanin mutane ɗai-ɗai, kuma ya san dalili. A garin nan ba a ƙidaya mutum. Uwa ba ta faɗin yawan 'ya'yanta, in ka tambaye ta sai ta ce "Alhamdu lillahi," don an yi imani wanda aka ƙidaya, baki na kama shi. Abin da al'ada ta hana a taɓa, hankali ma sai ya daina bi ta wajen.

Sai ya fashe da dariya, ya kama hannun tsohuwa yana girgizawa. "Inna, riƙe tukunyar nan da kyau, ki zo da ita dandali da azahar. Yau ke ce malamata!" Ta fizge hannunta ta ce ai dama ta san karatu zai taɓa shi wata rana.

Da azahar aka buga tambari, kowa ya hallara. Alƙali ya zauna a buzunsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce: "Madugu, jiya ka kafa hujja da hisabi. Ka yarda duk rabon da hisabi ya yarda da shi, wanda ba ragowa, ba sara, ba ƙari, kai ma ka yarda da shi?"

Madugu ya ce, "Na yarda, sarki da jama'a su shaida."

"Madalla. Ka ce adadin nan ɗaya kaɗai ke iya ɗaukarsa. To faɗa mana sauran karatun. Bakwai, ban da ɗaya, wa ke raba ta?"

Madugu ya ce, "Bakwai."

"Sha uku fa?"

"Sha uku."

"To dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya fa?"

Kafin Madugu ya buɗe baki, Alƙali ya miƙe tsaye, muryarsa ta cika dandali: "Jama'a, irin wannan adadi ƙofa biyu gare shi, ba ɗaya ba. Ko a ba mutum ɗaya duka, ko a ba kowa ɗaya-ɗaya. Ta farko ba rabo ba ce, Nomau kuwa cewa ya yi a raba. Ta biyu ita ce daidai wa daida da ba ta bar ragowa, ba ta sare, ba ta ƙara. Hukuncina shi ne: kowane rai a garin nan, namiji da mace, tsoho da jariri, mai raƙuma da mai tallan ruwa, yana da dabino guda."

Sowa ta tashi har tsuntsaye suka watse daga kan rumfuna. Amma Barau ya ɗaga murya ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙidaya mu za ka yi? Wallahi ba mai ƙidaya mini iyali!" Mata suka fara jan 'ya'yansu baya.

Alƙali ya ce, "Ba mai ƙidaya kowa. Ga ƙwallaye nan. Kowa ya zo ya ɗauki ɗaya, uwa ta ɗaukar wa na goye, ɗa ya ɗaukar wa tsohon da ba ya iya fitowa da wanda ke kan hanyar fatauci. Ƙwallo muke ƙidayawa, kuma ban taɓa jin baki ya kama ƙwallon dabino ba."

Aka yi dariya, tsoro ya tafi. Mutane suka yi layi, kowa ya ɗauki nasa, tari na ta raguwa. Sarki ma ya sauko ya ɗauki guda. Da layi ya ƙare, aka duba tabarma, saura ƙwallo ɗari da talatin da huɗu.

Madugu ya yi tsalle ya miƙe. "Ragowa! Ga ragowa nan kowa na gani! Mutanen garin ba su kai yawan itatuwan ba, rabonka ya rushe, Malam!"

Alƙali ya ce, "Inna Gwamma, matso." Tsohuwa ta keto taro da tukunyarta. "Madugu, ka san abin da ke cikin tukunyar nan?"

"Ina zan sani?"

Inna Gwamma ta ce, "Cibiyar jikanka ce, uban 'yan lissafi. Tun asuba nake yawo da ita, an hana ni wurin binnewa."

Alƙali ya ɗauki ƙwallo ɗaya daga tabarma ya ɗora a kan murfin tukunyar. "Jiya wannan yaro ba ya cikin mutanen garin nan, yau yana ciki. Da a jiya aka yi rabo, da ka kira rabonsa ragowa? Ɗari da talatin da ukun da suka saura suna da masu su, suna hanya ne ba su iso ba. Gari zai yi wa itatuwan aure da ban ruwa, a ci 'ya'yansu tare, duk jaririn da ya faɗo a miƙa masa tasa. Wanda ya rasu kuma, itacensa ta koma jiran mai zuwa. In kuwa har yanzu kana cewa ragowa ce, to ga ƙwallon jikanka nan, sa hannu ka ɗauke shi ka mayar tabarma."

Madugu ya dubi ƙwallon nan a kan murfin tukunya, ya daɗe yana dubansa. Mutumin da bai taɓa jin kunyar ciniki ba, ran nan hannunsa ya ƙi miƙuwa. Can ya sauke numfashi, dariya ta ƙwace masa, ya ce: "Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Na kawo rabin karatu kasuwa, na tarar da mai sauran rabin. Na yarda, Malam. Amma ina roƙon abu guda. Itacen nan da kowa ya ƙi, wadda aka so sarewa, a ba yaron nan ita. Kawuna ne ya dasa ta da hannunsa."

Sarki ya dubi jama'a, jama'a suka ce sun yarda, har Barau, wanda ya fi kowa ɗaga murya don a manta da zancen gatari. Sauran itatuwan aka yi musu ƙuri'a, wanda ya sami mai yawan 'ya'ya ya gode, wanda ya sami matashiya aka ce masa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Aka buɗe ƙofar garka, gari ya kwarara ciki da gudu, mahaya suka ɗare bisa da furen maza a ɗaure a kugu, mata na guɗa a ƙasa kamar ranar kai amarya. Kafin rana ta faɗi washegari, ba macen dabinon da ba a yi wa aure ba.

Shi kuwa Malam Cindo, bai tafi neman tasa itacen ba sai da ya raka Inna Gwamma gindin Uwar Garka. Madugu da kansa ya karɓi fartanya ya haƙa ramin, a daidai inda Alƙali ya jingina bayansa ran gatura. Aka binne tukunya, aka yi addu'a. Madugu ya ce, "Malam, kana jin kawuna ya san adadin da ya bari, ko dacewa ce?" Alƙali ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke kaɗawa ya ce, "Allah ne masani. Amma mutumin da ya shekara sittin yana dasa itace, ban ga alamar wanda bai san inda ya tsaya ba." Inna Gwamma ta karkaɗe zanenta ta ce su dai su ci gaba da surutu, ita akwai wata mai naƙuda a Unguwar Yamma, kuma a ajiye mata ƙwallo ɗaya.

Masu hikima suka ce: abin da ya ƙi rabuwa tsakanin manya, a gwada shi a kan kowa da kowa, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma mai rabon gaskiya ba ya mance wanda bai iso ba tukuna.